Shirun Inna da Gonar Jiratawa

Ƴaƴana, na daɗe ina jin abin da kuke faɗa idan kun zaci ba na kusa. Kuna cewa baffanku Lawali ya cinye mana gonar Jiratawa, ni kuma na ƙyale shi saboda sanyin hali. Ranar sunan ɗan yayarku Rakiya na ga yadda ɗayanku ya miƙa masa hannu yana kallon bango. Ban ce komai ba a lokacin, don taron suna ba wurin gyaran yara ba ne. Amma da na koma gida na ɗauko wannan kaye, littafin da nake rubuta rayuwata a ciki, na ce bari in tsallake sauran labarai in yi wannan tun hannuna bai soma rawa ba. Rubutuna na wanda ya koya da furfura a kai ne, ku yi haƙuri da shi.

Gonar ba wata babba ba ce. Mutum mai sauri zai zagaye ta kafin shayi ya tafasa. Amma ruwa yana ratsa gefenta rani da damina, kuma a cikinta na buɗe ido. Ina tuna mahaifina tsugune yana datse ruwa da dunƙulen laka, ya buɗe wa wannan fangali, ya toshe wancan, ni ina binsa a baya da ƴar fartanya ina ɓata abin da ya gyara. Ina tuna warin albasa da safe, da layin zogalen da ya yi mana shinge, da Inna tana tahowa daga nesa da ƙwarya a kai, a ciki kwaɗon zogale da ya sha ƙuli-ƙuli. Da na girma aka kawo ni Maraɗi koyon faci. Na zauna a Sabon Gari bakin hanya, shekara da shekaru hannuna cikin daron ruwa ina neman inda iska ke fita daga tayar ƴan kabu-kabu. Sana'ar ta ciyar da ku, ba na raina ta. Amma duk ranar da bayana ya riƙe, abin da nake gaya wa kaina ɗaya ne: in Allah ya kai ni, zan ajiye famfo in koma in mutu a cikin zogalen nan. Da mahaifinmu ya rasu, ƙungiyar manoman rani ta bar gonar a hannun Inna, don tare suka yi ta. Kowa a gida ya san ni ne bayanta. Lawali a lokacin yana kan babur ɗinsa, bai san ranar shuka ba balle ta tsinka.

Sai kun san wani abu game da kakarku kafin ku gane sauran. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ni ne ɗan farinta, kuma a wurin mutanen zamaninsu mace mai kunya ba ta kama sunan mijinta, ba ta kama sunan ɗan fari. A gidan iyayenta a Tibiri ta haife ni, don haka ta sa mini Ɗan Tibiri, in kuma tana jin haushina sai ta ce "kai wanga". Ko wani Isufu mai sunana ne ya zo sayen albasa, sai ta ce "mai sunan wancan". Ina yaro abin yana ci mini rai, ina jin tana kiran Lawali da baki cike, ni kuwa kamar baƙo. Sai da na girma na gane cewa a cikin dukan abin da ta mallaka, wannan kunyar ce ta fi tattalawa. Mata suna misali da ita a kan haka har Tibiri.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce shekarar da na shiga makarantar yaƙi da jahilci. Bayan la'asar muke zuwa, mu goma sha wani abu, a wani aji na lakwal, makarantar bokon unguwa, bayan yara sun tashi. Gwiwoyinmu ba sa shiga ƙarƙashin teburan. Malaminmu yaro ne a kanmu, amma in ya ɗaga alli duk sai mu nutsu kamar ƴan shekara bakwai. Wata uku na yi kafin in rubuta sunana ba tare da na kalli allo ba, kuma ranar da na yi shi na dawo gida a ƙasa don in daɗe ina jin daɗin abin a hanya. A shekarar ce kuma yayarku Rakiya take ƙarshen karatunta na ordinatar, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa. An ce kowane ɗalibi ya haɗa wani aiki da zai amfani mutane. Daidai lokacin ƙungiyar su Inna tana son a sabunta sunayen masu gonaki, a rubuta kowa da wanda zai gaje shi, a buga a takarda a sa hatimi. Ni ne na haɗa su. Na hau babur na je na sami shugaban ƙungiyar, Malam Garba, na ce masa ga ƴata, za ta yi musu kyauta. Ina faɗa ina jin kaina kamar wani babban mutum.

Ranakun Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Rakiya takan shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida ta buɗe na'urar, ni in zama manomi tana gwadawa a kaina. Waɗannan Juma'o'in suna cikin mafi daɗin kwanakin da na yi a duniya. Uwarku tana tsintar shinkafa a gefe tana mana tsiya. Na'urar takan yi tambaya a baƙin allo, ni in lalubo haruffa da yatsa ɗaya. Ranar farko ta tambayi suna, na rubuta Isufu Ɗan Tibiri. Sai ta ɗauki Isufu kaɗai, ta wuce tambayar shekaru ba ta jira ni ba, daga nan ta shiga zubo rubutu kamar an fasa tulu, har Rakiya ta kashe ta.

"Mi na ɓata?" na ce.

"Ba kai ba ne, Baba. Ni ce."

Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce ba ita ta ƙera kunnen na'urar ba. Waɗanda suka tsara harshen da take rubuta aikin da shi sun ajiye wani ɗan saƙo da ke karɓar abin da mutum ya rubuta, kowa shi yake aika. Shi kuwa wannan ɗan saƙon, in ya fara karɓar magana, da ya ga sarari tsakanin kalma da kalma sai ya ce an gama. Sauran maganar kuma ba ya zubar da ita, tana nan a layi tana jira. Da aka tambayi shekaru sai "Ɗan" ya miƙe ya ce ga ni. An ce a kawo lamba, an ga haruffa, ya ƙi karɓa kuma ya ƙi kawar da su, shi ne suka yi ta zagaye wuri ɗaya.

Uwarku ta ce, "Ashe dai ɗan aiken gidan nan ne. Ka ce masa gishiri da maggi, ya ji gishiri ya ruga."

Rakiya ta sauya shi da wani da ke ɗaukar layi ɗungurungum. Shi ma da nasa halin. Ta ce sai ka auna masa mazubi tun farko, kamar tiya, abin da ya wuce bakin tiyar ya zube cikin tambaya ta gaba. Na ce mata to ta auna babba, don na san mutanen Jiratawa, in ka tambayi mutum sunansa sai ya haɗa maka da na kakansa da garin da suka taso. Shekaru ma na ce ta cire lamba, don Inna in ka tambaye ta sai ta ce an haife ta shekarar da fari suka cinye gero, kuma ba ta da wata amsa bayan wannan. Duk ta gyara. Sai wata Juma'a na lura da wani abu. Wani lokaci in na gama amsa na danna maɓallin shigarwa, sai na'urar ta tsallake tambaya ta gaba ta bar ta fayau. Na nuna mata ina alfahari, ɗan makarantar manya ya kama kuskuren ƴar jami'a. Ta duba ta ce dannawar da na yi ce ta rage a layi, ɗan saƙon ya ɗauke ta a matsayin amsa. Ta ce maganinsa sauƙi ne: za ta gaya masa duk inda ya ga babu komai, ya tsallake ya ci gaba da jira har sai ya ga harafi. Ta yi haka, tsallaken ya daina. Muka yi murna, na aika aka sayo mana tsire. Ku riƙe wannan: ni na nuna mata, ni na ce ta gyara.

Ranar rubuta sunayen mun tafi da sassafe, ni da Rakiya a babur ɗin Lawali, mu uku kamar buhunan albasa. An kafa tebur a inuwar ɗakin ajiyar ƙungiya. Mutane sun cika wurin, maza a gaba, mata can gefe a gindin bishiyar bedi. Kafin a fara Malam Garba ya miƙe ya faɗi doka. Ya ce babu abin da zai shiga na'urar nan sai abin da mai gona ya faɗa da bakinsa kowa ya ji, kuma sunan da ke kan katin mutum, ba laƙabi ba. Ba a nuni da hannu, ba a gyaɗa kai, ba a ce wani ya faɗa a madadin wani. Kowa ya san dalili. A rubutun da ya wuce wani magatakarda ya sa suna a kan gyaɗa kan wani tsoho da ba ya ji sosai, kuma har yau gidaje biyu ba sa gaisawa a kan haka. Mutane suka ce sun yarda. Ni ma na ce na yarda, da ƙarfi ma, ban yi tunanin komai ba.

Aiki ya tafi lafiya. Ina tsaye bayan Rakiya ina karanta sunaye a raina yayin da suke fitowa a allon, wasu har ina riga ta gamawa. Tsofaffi suna leƙowa suna cewa, "Ƴar wa ce wagga?" ana nuna ni. Rana ta take tsaka aka kira Inna. Ta taso a hankali da mayafinta mai ruwan toka, ta durƙusa nesa da teburin. Rakiya ta fara tsokanarta kamar yadda suka saba.

"Tsohuwa, yau sai kin faɗi shekarunki."

"Ke dai rubuta na girmi uwarki, mai baƙin madubi."

Aka yi dariya. Inna ta faɗi sunanta, ta faɗi inda gonarta take. Sai Malam Garba ya ce:

"To, Inna, wa zai gaje ki?"

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, a hankali, "Ɗan Tibiri."

"Inna, a wurin nan kaɗai akwai Ɗan Tibiri uku. Sunan yanka muke so."

A lokacin ne abin ya faɗo mini, kamar an zuba mini ruwan randa a baya. Na ga Rakiya ma ta gane, don hannunta ya tsaya. Ta ce wa Malam Garba a bar wurin babu komai, a wuce na gaba, a dawo kan Inna in mutane sun ragu. Ya ce babu laifi. Ta danna maɓallin. Na'urar ba ta wuce ba. Ta sake dannawa, ta sake. Ɗan farin ɗigon nan da ke ƙiftawa a allon sai ya sauko layi ɗaya ya ci gaba da ƙiftawa. Mun koya mata da hannunmu cewa shiru ba amsa ba ne, ta kuwa riƙe karatun. Rakiya ta rage murya ta ce bari ta sa ko da harafi ɗaya ne don a wuce, ta goge daga baya. Magatakardan ƙungiya, wanda ke zaune kusa da ita yana duba kowane layi, ya ce a'a, haka aka yi wancan karon, ana cewa a gyara daga baya. Rakiya ta ce in ta kashe ta kunna, duk sunayen da aka shigar tun safe za su tafi, don aikin nata sai an kai ƙarshe yake adanawa. Mutanen da suka riga suka faɗi nasu suka fara gunaguni. Wani daga baya ya ce lokacin ban ruwansa na yau zai wuce shi. Wani ya ce, "Sunan ɗanta ne fa, ba sunan aljani ba!" Wasu samari suka tuntsire da dariya.

Da a takarda ne, ƴaƴana, da magatakarda ya bar ɗan fili ya wuce, da yamma a aika mata biyu su same ta a ɗaki ta raɗa musu. Takarda tana jira. Wannan kuwa ta tsayar da garin gaba ɗaya a kan bakin tsohuwa guda.

Na dubi Inna. Ta kama bakin mayafinta ta murɗe shi a yatsa har yatsan ya yi fari. Zufa tana bin wuyanta. Matan da ke gindin bedi sun zuba mata ido, waɗanda shekara da shekaru suke misali da ita. Sai na ga ta ɗago kai. Ta buɗe baki. Na ga harshenta ya shirya. Shekara hamsin ban ji sunana a bakin nan ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, akwai wani yaro a cikina da ya so ya ji. Amma ba a nan ba, ba a gaban samarin da ke dariya ba.

Na ce, "Inna, ki ce Lawali."

Ta juyo ta dube ni. Ban taɓa ganin ta dube ni ido cikin ido a gaban mutane ba sai ranar.

Lawali ya taso daga kan babur ɗinsa. "Yaya, mi kake yi haka? Ni ina ni ina gona?"

"Zauna," na ce masa. "Inna, ni ina da sana'ata a birni. Ki faɗi sunan autanki a wuce, mutane suna jira."

Malam Garba ya ce, "Isufu, ka san in ya shiga ya shiga?"

Na ce na sani. Inna ta saki bakin mayafinta. Sannan ta faɗi sunan Lawali da na katinsa, muryarta kamar ba tata ba. Rakiya ta rubuta tana hawaye, sai da ta goge sau biyu. Na'urar ta karɓa nan take ta tambayi sunan na gaba.

Abin da ya biyo baya kun ga wani da idonku, ko da kuna ƙanana. Uwarku ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba sai ta bakin ɗayanku. Da ta buɗe baki kuwa ta ce, "Malam, ka sayar da tsufanka a kan kalma ɗaya." Ban musa mata ba, don gaskiya ta faɗa. Rakiya ta rufe na'urar ta tura ƙarƙashin gado, ta ce ba za ta kai aikin gaban malamanta ba, aikin da ya raba ubanta da gonarsa. Sai da na zauna da ita na ce in ta bar karatun nan to asarar ta zama biyu. Ta ciro ta, ta gyara a gabana. Layi uku ne ko huɗu, na ƙirga da yatsa. Yanzu in mutum ya yi shiru, na'urar takan tambaya ko a bar wurin a dawo. Na ce mata ashe ƙaramin abu ne. Ta ce ƙaramin abu ne, Baba, in ka san mutum zai iya yin shiru. Ta ce a littattafan da suka karanta, duk wanda aka tambaya suna yakan faɗa.

Lawali ya zo har gida sau biyu yana cewa a je a sauya. Sauyawar tana nufin Inna ta sake durƙusawa gaban taro a sake yi mata tambayar nan, don haka na hana. Bayan rasuwarta ya sake zuwa da maganar. Amma a lokacin ya riga ya sayar da babur, ya kwashe iyalinsa ya koma can, ya koyi datse ruwa da hannayen da ba su saba ba, tafinsa ya tsage ya warke. Ba zan tashi mutum daga gonar da ya jiƙa da guminsa ba, ba zan kuma warware maganar da uwata ta faɗa gaban shaidu ba bayan ba ta nan. Buhun zogalen da kuke gani yana zuwa gidan nan, da albasar da uwarku ke shanyawa a kan rufi, ba sadaka ba ce kuma ba toshiyar baki ba ce. Ƙanena ne yake gaishe ni. Ni kuwa ina nan bakin hanya da darona. Bayana yana ciwo fiye da da. Wata rana in iska ta kaɗo daga kudu da safe nakan ji kamar warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai in tsaya da taya a hannu har mai babur ya ce, "Baba, lafiya?" Ba zan ce muku ba na kewa ba.

Saura abu ɗaya da ban taɓa gaya wa kowa ba, har uwarku. Mako guda bayan taron na koma Jiratawa gaida Inna. Na same ta da hantsi a bayan ɗaki tana tsinke zogale a faifai. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na zauna a kan turmin da ke kife na ja reshe ɗaya ina taya ta. Can ta ce:

"Kai wanga."

"Na'am, Inna."

"Wauta ka yi."

"To, Inna."

Ta ci gaba da tsinka. Ta kaɗe faifan, ta hure ƴan itatuwan da ke ciki. Sannan ta ce, ba ta dube ni ba:

"Da na faɗa."

Na ce, "Na sani, Inna. Na ga bakinki."

Ta tura mini faifan gabana don in fi kai hannu, muka tsinke zogalen nan har ya ƙare.

Ta koma ga Ubangijinta da kunyarta cikakkiya, Allah ya jiƙanta. Ku kuma, in kun haɗu da baffanku, ku durƙusa ku gaishe shi da hannu biyu.